Sharhi a kan Tafiyar Tsofaffin Motoci daga Ingila zuwa Bikin Tunawa da Yaƙi a Normandi

A kudancin Ingila akwai wasu ƙananan kamfanoni da sana'arsu ita ce ba da hayar tsofaffin motoci, galibi don bikin aure ko yawon ƙarshen mako, amma kaɗan daga cikinsu sukan shirya tafiya ta ayari zuwa yankin Normandi da ke arewacin Faransa a farkon watan Yuni, lokacin da ake bikin tunawa da saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun yankin ranar 6 ga Yuni, 1944, domin ƙwato Faransa daga hannun Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Ayarin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni na bi, ni da wani abokin aikina da muka raba kuɗi muka kuma raba tuƙi. Hukuncina a kansu ya rabu gida biyu. Ta fuskar mota da kula da ita, sun ci halaliyarsu, babu fam ɗaya da na ji ƙyashin biya. Amma ta fuskar tsara lokaci da ba da tarihi, sun ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinsu, kuma wanda zai ba su kuɗinsa ya kamata ya san haka tun kafin ya sa hannu a takarda.

Kuɗin da ake biya ya ƙunshi hayar motar, da inshorarta a ƙasashen biyu, da tikitin jirgin fito zuwa da dawowa, da masauki a wani ƙaramin otal da ke wajen garin Bayeux tare da karin kumallo, da wani littafin hanya da kamfanin ya buga da kansa, sai kuma motar bakanike da ke bin ayarin a baya da kayan gyara. Man fetur, da abincin rana da na dare, da kuɗin shiga gidajen tarihi, duk daga aljihun matafiyi suke fita. Akwai kuma kuɗin ajiya mai ɗan nauyi da suke riƙewa a katin banki har sai an dawo da motar lafiya, kuma ba su rubuta wannan a tallarsu ba, sai a cikin sharuɗɗan da suka aiko bayan an riga an biya kafin alƙalami. Mai riƙe da fasfon Najeriya ko na Nijar, ko da yana zaune a Ingila ne, yana buƙatar bizar Schengen kafin ya shiga Faransa. Kamfanin bai taɓa tayar da wannan magana ba, wataƙila domin kusan dukkan abokan cinikinsa Turawan Birtaniya ne, amma da na nemi takardar shaidar masauki da ta tikitin jirgi don in haɗa da takardun biza, sun aiko da ita ba tare da ɓata lokaci ba.

Motar da aka ba mu Morris Minor 1000 ce ƙirar shekarun 1960, irin wadda dattawa a wasu biranen Najeriya za su iya tunawa da ita tana aikin tasi. Alec Issigonis ne ya zana ta, an fara ƙera ta a 1948 aka daina a 1971, kuma an yi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ba motar zamanin yaƙi ba ce, kuma kamfanin bai ce ita ce ba. Abin da suke sayarwa shi ne tafiyar hankali cikin mota mai daɗaɗɗen tsari. Injinta ƙarami ne, siisii 1,098, giya huɗu gare ta, kuma ba ta yarda a sa giyar farko sai ta tsaya cak, in ba haka ba za ka ji ƙara mai ɗaga hankali daga ƙarƙashin ƙafarka. Agogon gudu a tsakiyar gaban motar yake, kuma da mil yake lissafi, alhali allunan Faransa da kilomita suke magana. Birkinta na tsohon yayi ne, yana kamawa amma sai an taka da ƙarfi kuma an fara tun daga nesa. Babu na'urar sanyaya ciki, babu rediyo, maɓallin rage hasken fitila kuwa a ƙasa yake ana taka shi da ƙafar hagu. Duk da haka sitiyarinta ba shi da nauyi, tana bin kwana da ladabi, kuma a gudun mil 45 zuwa 50 a awa tana tafiya cikin natsuwa kamar ba za ta gaji ba. But ɗinta ƙarami ne ƙwarai, don haka wanda ya zo da babban akwati zai kwana da shi a kujerar baya.

Ranar karɓar motoci ce ta fara nuna mini cewa mutanen garejin sun san aikinsu. Bakaniken bai miƙa mukulli ya juya ba. Sai da ya sa kowane direba ya buɗe murfin inji da hannunsa, ya duba man inji da ruwan lagireto, ya ja cok ya tayar da motar tana da sanyi, sannan ya zauna a gefe aka zaga unguwa har ya gamsu cewa direban ya gane giyar. A cikin kowace mota sun tanadi abin da dokar Faransa ta buƙata, wato riga mai ƙyalli da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, sun manna wa fitilu abin karkatar da haske don kada su kashe wa masu tahowa ido, sun kuma maƙala tambarin UK a baya, wanda ya maye gurbin tsohon tambarin GB tun 2021. Gargaɗin da ya fi maimaitawa shi ne na fetur: kada kowa ya sha wanda aka rubuta wa SP95-E10, domin yana ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cinye tsofaffin robobi da tiyoyin mai, SP98 kawai za a sha, ko da ya fi tsada. Ya kuma rubuta hakan a wata 'yar takarda ya liƙa kusa da murfin tanki.

Daga Portsmouth muka tashi a jirgin Brittany Ferries mai zuwa Ouistreham, tafiyar da kan ɗauki kimanin awa shida da rana, ta ɗan ɗara haka da dare. Zaɓen wannan hanya daidai ne, kuma ba don sauƙinta kaɗai ba. Portsmouth na cikin manyan tasoshin da rundunar ta taso daga cikinsu, kuma a Southwick House da ke kusa da birnin ne Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, ya yanke shawarar a tafi, bayan an ɗage harin da kwana ɗaya saboda rashin kyawun yanayi. Jirgin kuma yana sauke mutum ne a gefen gaɓar da sojojin ƙawance suka laƙaba wa suna Sword, wadda ita ce ta ƙarshe ta gabas cikin gaɓoɓi biyar ɗin, wato Utah da Omaha na Amurkawa, Gold da Sword na Birtaniya, da Juno na Kanada. Cikin jirgin kansa bikin ya riga ya fara, domin a rumfar ajiye motoci mun tarar da jif-jif na soja da babura masu kwando a gefe, masu su kuma suna ta zagaya motocin juna suna tambayar shekarar ƙira.

Matsalar farko da direba zai fuskanta tana jiransa ne a bakin tasha. A Faransa hannun dama ake bi, kamar yadda ake yi a Nijar, kuma kamar yadda Najeriya ta koma yi tun 1972, don haka wannan ba baƙon abu ba ne ga irinmu. Abin da yake baƙo shi ne bin hannun dama da motar da sitiyarinta yake dama, domin direba yana zaune ne ta gefen kwata, ba ya ganin abin da ke tahowa idan babbar mota ko tarakta tana gabansa. Wuce wata mota ya zama aikin mutum biyu, na gefe ya leƙa ya ce a tafi ko a dakata, haka kuma karɓar tikiti a wurin ajiye motoci na gefe ne zai miƙa hannu. Saboda wannan ba na ba da shawarar mutum ya yi tafiyar shi kaɗai. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar Faransa da ta ba motar da ke fitowa daga dama damar shiga gaba a mahaɗar da ba a sa alama ba, ƙa'idar da har yanzu tana aiki a cikin ƙauyuka. Littafin hanyar ya yi bayaninta a shafin farko da zane mai kyau, kuma wannan ya cece mu fiye da sau ɗaya.

Zangon farko shi ne gadar Pegasus a Bénouville, 'yan kilomitoci kaɗan daga tasha. A nan ne jirage uku marasa inji, waɗanda aka yi da katako, suka sauko da sojojin Manjo John Howard da ƙarfe 12:16 na daren 6 ga Yuni, suka ƙwace gadar cikin 'yan mintoci don hana Jamusawa turo ƙarin dakaru daga gabas. Gadar da ake hawa a yau sabuwa ce da aka sa a 1994. Ta asalin tana ajiye a harabar gidan tarihin da ke tsallake. An kafa duwatsu a daidai inda kowane jirgi ya tsaya, kuma sai mutum ya taka da ƙafarsa daga dutsen farko zuwa bakin gadar sannan zai gane irin gwanintar matuƙin da ya ajiye jirgi marar inji a wannan ɗan fili cikin duhu. Kamfanin ya ba mu isasshen lokaci a nan, kuma da sauran zangunan sun samu irin wannan sarari da ƙorafina ya ragu da rabi.

Daga nan sai hanyar bakin teku mai lamba D514, wadda ita ce ta sa na yarda cewa tsohuwar mota ta dace da wannan tafiya. Hanya ce siririya da ke ratsa ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ga coci mai dogon hasumiya, ga gidajen farin dutse, ga gonakin alkama da suka gangara har bakin ruwa, kuma ba a yin gudu a kanta ko da mota ta zamani ce. Sojoji kimanin 156,000 ne suka sauka a rana ɗaya a gaɓar da tsawonta ya kai kusan kilomita 80, kuma wannan adadi ba ya shiga kai daga littafi yadda yake shiga idan mutum ya wuni yana tuƙi a hankali, taga a buɗe, bai kai ƙarshen filin dagar ba. Mutanen ƙauyukan sun rataya tutocin ƙasashen ƙawance a tagogi da kan tituna, yara suna ɗaga wa ayarin hannu, kuma direbobin da suka biyo mu a baya ba su cika matsa mana ham ba, abin da na danganta da farin jinin da tsofaffin motoci suke da shi a wannan mako.

A Arromanches ne na fi son a daɗe. Sojojin ƙawance sun san cewa ba za su samu tashar jiragen ruwa a hannu da wuri ba, saboda haka suka ƙera tasha sukutum a Ingila, gunduma-gunduma na kankare masu girman benaye, suka jawo su ta teku suka nutsar da su a jere suka zama katangar kare igiyar ruwa. Biyu aka yi. Guguwar da ta taso ranar 19 ga Yuni ta lalata ta Omaha, ta Arromanches kuwa ta tsira ta ci gaba da sauke motoci da kayan yaƙi wata da watanni. Har yanzu ragowarta na nan a cikin ruwa sun yi da'ira, kuma idan teku ta janye ana takawa har wurin wasu a taɓa su. Littafin hanyar ya kawo jadawalin cika da janyewar teku, wanda ya nuna cewa wanda ya rubuta shi ya san wurin. Kaɗan gaba, a Longues-sur-Mer, akwai ɗakunan kankare huɗu na Jamusawa da igwoginsu masu bakin milimita 150, wasu suna nan a inda aka bar su, kuma shiga kyauta ne.

Bikin kansa ba a wuri ɗaya ake yinsa ba. Kowane gari yana da nasa shiri, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni: faretin motocin soja, da sansanonin kwaikwayo inda mutane ke kafa tantuna su sa kakin zamanin, da raye-rayen shekarun 1940 a dandali, da saukar laima daga tsofaffin jiragen Dakota. Cibiyar hayaniyar ita ce Sainte-Mère-Église, garin da sojojin laima na Amurka suka faɗa cikinsa da dare, inda laimar wani soja mai suna John Steele ta maƙale a hasumiyar coci, kuma har yau akwai mutum-mutumi rataye a wurin. Jif-jif sun cika ko'ina, sai dai wani mai irin motar ya nuna mini cewa da yawa daga cikinsu ba ƙirar Willys ko Ford na lokacin yaƙi ba ne, ƙirar kamfanin Hotchkiss ne da aka yi a Faransa bayan yaƙi, aka yi musu fenti da tauraro. Ra'ayina game da wannan ɓangare bai tsaya a gefe ɗaya ba. Ga mutanen garin ranar 'yanci ce, kuma suna da haƙƙin su yi murna. Amma ganin ƙato mai tumbi sanye da kakin matashin da ya mutu yana ɗan shekara goma sha tara, kofin barasa a hannu, bai kwanta mini ba. 'Yan mazan jiyan da suka rage kuwa 'yan kaɗan ne, shekarunsu sun kai ɗari ko sun kusa, ana tura su a keken guragu, kuma duk inda ɗaya ya bayyana sai taron ya dare a yi ta tafi.

A hanyar shiga wannan gari ne bakaniken ya nuna amfaninsa. Cunkoso ya tsayar da mu cikin rana, ana matsawa taku-taku, sai motar da ke gabanmu a ayarin ta yi tari sau biyu ta mutu. Kafin mu gama tura ta gefe ya iso da ƙafa daga baya, bai ɗauko komai ba sai sukudireba da tsumma da gorar ruwa. Ya ce wa direban ya kunna mukulli kada ya tayar, ya sunkuya ya kasa kunne, ya ce famfon mai ba ya bugawa. Ya ƙwanƙwasa jikin famfon da ƙotar sukudireban, sai ga shi ya kama ƙas-ƙas-ƙas da sauri sannan ya lafa. Ya jiƙa tsumman ya naɗe tiyon mai da ke kusa da inji domin zafi ya sa fetur ɗin ya fara zama tururi, ya bar murfin a buɗe na ɗan lokaci, motar ta tashi. Irin gwanintar nan ce ta tsofaffin bakanikan bakin tasha, masu gane ciwon inji da kunne. Da daddare kuma, muna cin abinci, na hango shi a harabar otal da fitila a goshi yana sauya famfon gaba ɗaya. Kowace safiya kafin mu fito ya riga ya zagaya motocin ya duba mai da ruwa da iskar taya.

Inda kamfanin ya gaza shi ne ranar 6 ga Yuni kanta, wadda ita ce suka fi tallatawa. Jadawalinsu ya nuna za mu halarci taron safe a wurin tunawa na Birtaniya da ke Ver-sur-Mer, mu wuce maƙabartar Amurka da rana, mu ƙare a Pointe du Hoc da yamma. Duk wanda ya san yankin ya san wannan ba mai yiwuwa ba ne a ranar. Jandarmomi sukan rufe hanyoyi saboda manyan baƙi, wasu tarukan sai da katin gayyata ko rajista tun da wuri, wuraren ajiye motoci kuma sukan cika tun da hantsi. A shekarar 2024, da aka cika shekara 80, lokacin da Sarki Charles da Shugaba Biden da Shugaba Macron suka halarta, an taƙaita zirga-zirga a yanki mai faɗi. Amma ko a shekarar da ba ta zagaye ba, ranar ba ta tuƙi ba ce. Mun shafe mafi yawan yinin a layi, idon kowa a kan zafin inji, jagoran tafiyar yana ta sauya shawara ta waya, ayarin ya tsinke gida uku, kuma taron da muka je dominsa daga bayan shinge muka ji ƙarshensa. Da aka yi masa magana da dare, amsarsa ita ce haka abin yake kowace shekara. To, in haka yake kowace shekara, me ya sa ake buga jadawalin da aka san ba zai yiwu ba? Abin da ya dace shi ne a ajiye motoci a ranar, a zaɓi gari ɗaya kamar Arromanches ko Bayeux a wuni a ƙafa.

Washegari hanyoyi suka buɗe, muka ga wuraren cikin natsuwa. A wurin tunawa na Ver-sur-Mer, wanda aka buɗe a 2021, an sassaƙa sunaye 22,442 na waɗanda suka mutu ƙarƙashin jagorancin Birtaniya, an jera su bisa ranar mutuwa, kowane da shekarunsa, don haka mai tafiya tsakanin ginshiƙan yana ganin ranakun da yaƙin ya fi cin rai. Maƙabartar Amurka a Colleville-sur-Mer tana kan tudu saman gaɓar Omaha, da kaburbura fiye da 9,300 na farin dutse a sahu-sahu, da bango mai sunayen mutum 1,557 da ba a ga gawarsu ba. A Pointe du Hoc, inda sojoji 225 na Laftanar Kanar James Rudder suka hau tsaunin da ya kai mita 30 da igiyoyi da tsani, har yanzu ramukan bama-bamai suna nan. Maƙabartar Jamusawa ta La Cambe ba ta cikin jadawali, mu muka ratse da kanmu daga babbar hanyar N13. Mutum fiye da 21,000 ne a kwance a wurin, ƙarƙashin baƙaƙen duwatsu da aka shimfiɗa a ƙasa, da yawa biyu-biyu, kuma maziyarta kaɗan ne. Ina ganin kuskure ne kamfanin ya bar ta a waje, domin tana bakin hanyar da ake bi dole.

Wannan ya kawo ni ga jagoran da irin tarihin da yake bayarwa. Mutum ne mai fara'a, ya haddace sunayen bataliyoyin Birtaniya da lokutan saukarsu, amma labarinsa a nan ya tsaya. Bai ce komai ba game da fararen hula na Normandi, waɗanda kimanin 20,000 daga cikinsu suka mutu a wannan yaƙi, da yawa a ruwan bama-baman sojojin ƙawancen da suka zo 'yantar da su. Birnin Caen, wanda aka yi niyyar kamawa a ranar farko, bai faɗa hannu ba sai a watan Yuli, bayan an rushe mafi yawansa, kuma babban gidan tarihin da aka buɗe a can a 1988 ya ba wannan ɓangare haƙƙinsa. Awa ɗaya kacal aka ware mana a wurin da ke buƙatar rabin yini. Haka kuma mun wuce ta gaban abin tunawa da Janar Leclerc a Saint-Martin-de-Varreville ba tare da an tsaya ba. A nan ne runduna ta biyu ta tankokin yaƙi ta Faransa, wadda yake jagoranta, ta sauka ranar 1 ga Agusta, 1944, ta wuce ta shiga Paris a ƙarshen watan. Tushen wannan runduna a Cadi yake, ƙasar da gwamnanta Félix Éboué ya bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940, kuma dakarun da suka ƙetare Sahara suka ci Kufra da ke Libiya a Maris na 1941 mafi yawansu 'yan Afirka ne. Da aka sake tsara rundunar a Maroko a 1943 sai aka cire baƙaƙen sojojin, sunan Cadi ya ci gaba da zama a kan ɗaya daga cikin rukunoninta, su kuwa ba su taka Normandi ba. Sojojin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa a kudu suka sauka, a Provence, ranar 15 ga Agusta, 'yan Najeriya kuma a lokacin suna dazukan ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya. Ban sa ran jagoran ya san duk wannan ba, amma da na tayar da maganar Leclerc ya ce ba ya cikin abin da abokan cinikinsu ke tambaya.

Otal ɗin tsaf yake, yana da harabar da ake kulle motoci da dare, kuma zama kusa da Bayeux dabara ce mai kyau, domin garin yana tsakiyar gaɓoɓin, an 'yantar da shi tun 7 ga Yuni bai rushe ba, kuma babbar maƙabartar sojojin Birtaniya da ƙasashen renonta tana cikinsa, ana zuwa da ƙafa. Batun abinci kuwa Musulmi sai ya yi tambaya. Girkin yankin ya dogara da man shanu da kirim da cuku irin su Camembert, waɗanda ba su da laifi, amma naman alade yana shiga wurare da dama, ana kuma dafa kifi da kaza da barasar tuffa ko ta inabi ba tare da an rubuta a takardar abinci ba. Na sanar da kamfanin tun kafin tafiya, sun ce sun isar, amma a liyafar daren ƙarshe sai da na sake yin bayani da kaina, aka gasa mini kifi daban. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare a wannan lokaci, don haka magariba da isha'i suna zuwa a makare, asuba kuma da wuri ƙwarai. Akwai masallaci a Hérouville-Saint-Clair da ke gefen Caen ga wanda Juma'a ta riska. Gidajen mai da yawa, musamman na manyan kantuna, ba su da ma'aikaci ranar Lahadi da kuma da dare, kati kawai injin ke karɓa, kuma tankin motar bai kai lita 30 ba, saboda haka gara a cika tun da rana.

Wanda burinsa shi ne ya ga gidajen tarihi da yawa cikin ɗan lokaci, ko yake tafe da yara ko da mai ciwon baya, motar haya ta zamani daga Caen za ta fi masa sauƙi da araha, musamman a watan Mayu ko Satumba da babu cunkoso. Wanda kuwa yake son tuƙin kansa, ya iya giyar hannu sosai, kuma yana da abokin tafiya mai haƙuri, zan ce ya yi hayar motar a wurin irin waɗannan mutane, ya tabbatar motar bakanike tana cikin yarjejeniya a rubuce, ya tambayi adadin kuɗin ajiya kafin ya biya komai, ya kuma fara neman biza watanni kafin Yuni. Kamfanin yana da tsari na biyu mai rahusa, wanda ake ba mutum mota da masauki da littafin hanya da lambar bakanike, ba tare da jagora ko tilascin bin ayari ba, kuma shi zan zaɓa idan zan koma. Zan ƙara La Cambe da Saint-Martin-de-Varreville a hanyata, in ware wa Caen rabin yini, ranar 6 ga Yuni kuma in bar motar a harabar otal.